Gilashi ko Akirilik: Da Wanne Za Ka Haɗa Babban Akwatin Kifinka?

Akwatin kifi mai tsawon santimita 180, faɗi 60, zurfi 60, yana cin ruwa lita 648. Kowace lita kilo ɗaya ce, ke nan ruwan kaɗai ya kai nauyin buhun siminti 13. Wannan nauyi yana sauka ne a kan teburi, kuma mai walda zai iya yi maka teburin da zai ɗauke shi. Abin da ya fi damuna shi ne turin da ruwan yake yi ta gefe. Bangon gaba na wannan akwati yana shan turin da ya kai kilo 324, dare da rana, shekara da shekaru, ba hutu. Abin da ke riƙe da bangon kuwa wani siririn haɗi ne wanda faɗinsa bai wuce kaurin ɗan yatsa ba.

Shi ya sa idan aka tambaye ni gilashi ko akirilik, wato robar nan mai haske kamar gilashi, ba na fara magana da kyau ko haske. Tambayar da nake fara yi ita ce, wane haɗi ne hannunka zai iya yi ba tare da kuskure ba, a ɗakin da kake da shi, da kayan aikin da za ka iya samu? Amsar wannan ita ke raba gardama ga mafi yawan mutane.

Kafin a kai can, akwai lissafin da ya shafi kayan biyu baki ɗaya. Mutane kan ɗauka yawan lita ne ke fasa akwati. Zurfi ne. Ka bar tsawon a 180, ka ɗaga zurfin daga 60 zuwa 75, turin da ke kan bangon gaba zai tashi daga kilo 324 zuwa 506. Ka kai shi 90, ya zama 729. Ƙarin santimita 30 kacal ya ninka turin fiye da sau biyu. Da faɗin akwatin ka ƙara, daga gaba zuwa baya, bangon gaba ba zai ji komai ba. Saboda haka duk wanda ke son ruwa mai yawa kuma yana son kwanciyar hankali, ya faɗaɗa, kada ya zurfafa. Kifi ma sun fi son haka, don iska tana shiga ruwa ne ta samansa, kuma kifaye irin su kurungu da tarwaɗa a ƙasa suke rayuwarsu, fili suke nema ba rijiya ba.

Gilashin da ake sayarwa a shagunan masu tagogin alminiyam shi ne wanda ake zubawa a kan narkakkiyar kuza har ya miƙe sumul, dabarar da kamfanin Pilkington na Ingila ya bayyana wa duniya a 1959. Kowane murabba'in mita ɗaya yana da nauyin kilo biyu da rabi a kan kowace milimita ta kauri. Akwatinmu na 180 yana buƙatar milimita 12 idan za a yi masa ɗamara a sama, wato siraran gilasan da ake mannawa a kewayen bakinsa don su riƙe bangaye, ko 15 idan ana son bakinsa a sake. Da milimita 12, bangon gaba kaɗai kilo 32 ne, akwatin duka kuma kusan kilo 119 tun ba a zuba ko ɗigo ba. Idan aka je zurfin 75, ana maganar milimita 15 zuwa 19 ne, kuma bango ɗaya na 19 ya haura kilo 60. A nan aikin ya fita daga hannun mutum biyu.

Akirilik kuwa roba ce mai haske, wadda masu allunan talla suka fi sani da Perspex, a Jamus kuma Plexiglas, sunan da ta fito da shi a 1933. Nauyinta bai kai rabin na gilashi ba idan kaurinsu ɗaya. Amma ba a yin su da kauri ɗaya, domin akirilik ta fi gilashi lanƙwasuwa fiye da sau ashirin. Dole a ƙara mata kauri, a kuma rufe samanta da wani faifai da aka yanke wa ƙofofi. Da milimita 15, akwatin namu zai tsaya tsakanin kilo 70 da 80 da wani abu. Sauƙi ne na gaske, musamman ga mai hawa bene, amma bai kai yadda ake zuzuta shi ba.

Yanzu ga haɗin.

Gilashi da silikon ake haɗa shi. Kafin shekarun 1960, akwatunan kifi firam ɗin ƙarfe ake yi musu a liƙe gilashin da wani irin danƙo, kuma yoyo da tsatsa ba sa rabuwa da su. Zuwan silikon ne ya sa aka iya tsayar da gilashi zalla. Silikon ba ya narka gilashi, kama shi yake yi, ya zauna tsakanin bango da bango kamar guringuntsi tsakanin ƙasusuwa. Don haka ba a matse bangaye har su taɓa juna. Ana barin rata ta milimita ɗaya zuwa biyu da silikon zai cika, kuma wannan rata ita ce rahamar mai aikin hannu: idan mai yanka ya kauce da rabin milimita, silikon zai shanye kuskuren. Kayan aikin ma ba su da yawa. Bindigar silikon, sukwaya, tef ɗin masu fenti, matsai na kusurwa, asiton ko sifirit na goge bakin gilashi, da mutum biyu masu natsuwa.

Sai dai silikon ba duka ɗaya ba ne, kuma a nan ne na fi ganin mutane suna asarar kifi. Wanda ake sayarwa don banɗaki da kicin galibi an zuba masa maganin hana fumfuna, kuma wannan magani guba ne ga kifi. Abin da ake nema shi ne silikon zalla mai warin binigar lokacin da yake ɗanye, wanda aka rubuta a jikinsa cewa na akwatin kifi ne, ko irin na masana'antu da masu wannan sana'a suka daɗe da amincewa da shi, kamar Momentive RTV108 mai haske da RTV103 baƙi. A duba ranar ƙarewar wa'adinsa, domin tsohon silikon yakan ƙi bushewa. Na taɓa sayen wani a shago saboda araha, na haɗa ƙaramin akwati da shi, bayan kwana goma yana nan kamar man shanu a cikin haɗin. Sai da na kwance komai, na kankare da reza, na kwana biyu ina goge-goge, don sabon silikon ba ya kama tsoho. Da babban akwati ne, da asarar ta fi haka ciwo. Araha ba ta ado.

Wani abu da ya shafe mu mu da ke zaune a yankin hunturu: danshin iska ne ke busar da silikon, daga waje zuwa ciki, kamar milimita biyu zuwa uku a yini idan yanayi ya daidaita. A watan Janairu, lokacin da leɓe ke tsagewa, bushewar tana jinkiri sosai. Haɗin gilashi mai milimita 12 a ba shi mako biyu kafin ya ga ruwa, a hunturu a ƙara. A bazara kuma matsalar ta juya: samansa yana yin fata cikin 'yan mintoci, don haka duk abin da za a yi, a shirya shi tun kafin a matsa bindiga. Ni na fi son yin haɗi da sassafe, a ɗakin da aka share aka yayyafa wa ruwa, aka rufe tagogi saboda ƙura.

Haɗin akirilik wata duniya ce dabam. Silikon ba ya riƙe ta yadda za a dogara da shi, kuma duk wanda ya gwada zai kwashe ruwa a falo. Ana amfani ne da wani sinadari mai ruwa-ruwa, irin su Weld-On 4, wanda ke narka fuskokin biyu su zama abu guda. Idan an yi shi daidai, ya fi haɗin silikon ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma ba ya buƙatar sabuntawa. Amma sinadarin ba ya cike rata. Bakin faifan sai ya zama miƙaƙƙe sumul, wanda zarto ba ya iya bayarwa, sai injin gyaran baki na kafintoci mai kaifin gaske. Ana sa siraran wayoyi tsakanin faifan biyu, a tsiyaya sinadarin da sirinji, a jira ƙasa da minti ɗaya, a zare wayoyin, faifan ya zauna. Dama ɗaya ce. Idan kumfar iska ta maƙale, ko wani wuri ya bushe kafin ya zauna, ba a kwancewa a sake kamar gilashi. Sai a yanke bakin, akwatin ya ragu, ko a sayi sabon faifai.

Ga kuma zafi. Babban sinadarin da ke cikin irin wannan ruwan haɗi yana tafasa ne a wajen digiri 40 na ma'aunin Salshiyas. Wanda ya san Sakkwato ko Maiduguri ko Maraɗi a watan Afrilu ya san abin da wannan ke nufi: ruwan zai tashi sama kafin ya gama aikinsa. Tururinsa kuma yana cutar da mai shaƙa, don haka ana son iska ta ratsa ɗakin, alhali ƙura ba a son ta. Haɗa waɗannan sharuɗɗa a gida ba ƙaramin aiki ba ne.

Akwai kuma batun wace akirilik. Iri biyu ce. Akwai wadda ake zubawa tsakanin gilasai biyu ta daskare a hankali, akwai wadda inji ke turowa kamar taliya. Ta farkon ce ta akwatin kifi. Ta biyun ta fi araha, ita ce ta fi yawa a hannun masu allunan talla, kuma tana yin ƙananan tsage-tsage idan sinadari ya taɓa ta ko ta daɗe a ƙarƙashin turi. Samun ta farkon mai kaurin milimita 15 ko 20 yakan kai mutum ga yin oda daga nesa, kuma kuɗinta ya fi na gilashi sosai. Gilashin milimita 10 da 12 kuwa manyan masu gilashi na birane suna da shi, kuma za su yanka maka a gabanka.

Kada a ɗauka ina rage wa akirilik daraja. Akwai wuraren da gilashi ba ya ko kusantar ta. Ba ta fashewa da bugu irin na gilashi. Yaro ya jefa kofi ko ya buga abin wasa, da wuya ta ce uffan. Tana lanƙwasuwa da zafi, don haka mai son akwati mai zagayayyen gaba ko siffar ganga ita ce hanyarsa. Huda ta don bututun tace ruwa abu ne mai sauƙi. Haskenta garau yake, tana barin kusan kashi 92 cikin ɗari na haske ya wuce, kuma komai kaurinta ba ta yin kore. Tana riƙe ɗumin ruwa fiye da gilashi, abin da ke da amfani a daren hunturu idan an ɗauke wuta. Shi ya sa manyan gidajen kallon kifi na duniya suka koma gare ta. Babbar tagar gidan kifi na Churaumi da ke Okinawa a Japan, wanda aka buɗe a 2002, akirilik ce mai kaurin santimita 60. Amma ita ma ba ta fi ƙarfin ruwa ba. A ranar 16 ga Disamba, 2022, AquaDom na birnin Balin, wata doguwar gangar akirilik da ke tsakiyar otal, ta fashe da asuba, ruwa kusan lita miliyan ɗaya ya kwarara har titi, kifaye kusan 1,500 suna ciki.

Inda akirilik ke gajiyar da mai ita shi ne ƙarcewa. Taushi gare ta. Ƙwayar yashi guda ta shiga tsakanin maganaɗisun goge gansakuka da bango, sai ka ga layi daga wannan kusurwa zuwa waccan. A garuruwanmu kuwa ƙura ba baƙuwa ba ce, kuma ƙurar hunturu cike take da ɓarɓashin yashi mai kaifi. Mai aikin gida ya ɗauki busasshen tsumma ya share bangon da kyakkyawar niyya, shi ke nan an fara. Sifirit da ruwan goge tagogi ma suna lalata ta. Masu son ta za su ce ai ƙarcewarta tana gyaruwa, ana bin ta da samfefa mai laushi da man gogewa har ta dawo, kuma gaskiya ne. Gilashi idan ya ƙarce ya ƙarce ke nan. Sai dai gilashi yana jure reza, yana jure shekaru na gogewa, kuma wanda ya kiyaye yashi zai iya shekara goma bai ga layi ko ɗaya ba. Ni dai na fi son abin da ba ya yawan neman gyara a kan abin da gyaransa ke da sauƙi.

Idan gilashi ka zaɓa, saura zaɓi biyu a cikinsa. Na farko launi. Gilashin gama-gari yana da ɗan kore saboda ƙarfen da ke cikin yashin da aka yi shi da shi. Ka leƙa bakinsa za ka gani. A milimita 6 ba a lura, a 12 an fara gani, a 19 fararen duwatsu sun koma ruwan ganye. Akwai mai ƙarancin ƙarfe, irin su Optiwhite da Starphire, wanda haskensa ya kusa na akirilik. Ya fi tsada, kuma ba shi da wani ƙarin ƙarfi. Wanda ya samu, ya sa shi a bangon gaba kaɗai, sauran a bar su da na gama-gari. Wanda bai samu ba bai rasa komai ba sai ɗan ƙarin kyau.

Na biyu ya fi muhimmanci, wato gasasshen gilashi, irin na tagogin gefen mota da ƙofofin banki. Ya fi na gama-gari ƙarfi kamar sau huɗu zuwa biyar, kuma mai shago zai iya ba ka shawarar ka ɗauke shi don ka rage kauri. Kada ka yarda a bangaye. Ƙarfinsa na jure karyewa ne ya ƙaru, amma lanƙwasuwarsa ba ta canza ba, don haka siriri zai yi ciki ya riƙa jan haɗin silikon. Ba a yanka shi, ba a huda shi bayan an gasa. Mafi muni shi ne yadda yake mutuwa. Gilashin gama-gari yakan tsage, ruwa ya fara zuba, sau da yawa ka samu lokacin kwashe kifi da jawo bokitai. Gasasshe idan aka taɓa bakinsa da abu mai tsini, gaba ɗaya yake rugujewa kamar tsakuwa, lita 648 su sauka a ɗaki cikin ƙiftawar ido. Kamfanoni suna sa shi a gindin akwati, kuma a can yana da hujja, amma mai haɗawa a gida ya fi samun natsuwa da gindi mai kauri na gama-gari.

Ɗamara kuwa, kada son kyau ya hana ka ita. Akwatin da bakinsa ke sake yana da daɗin kallo, amma a tsawon 180 tsakiyar bangon tana son buɗewa. Siraran gilasai masu faɗin santimita 7 zuwa 10, a manna su kwance a kewayen bakin ta ciki, suna rage wannan ciki sosai, kuma suna tare ruwan da ke fantsama. Ga mai kiwon tarwaɗa ko wani kifin da ke tsalle, su ne mazaunin murfi. Ka ce wa mai yanka ya goge bakin kowane gilashi ya kashe kaifinsa, don tsaga daga ɗan ƙaramin ɓantare take farawa, kuma ɗanyen bakin milimita 12 yana yanka hannu har ƙashi. Ka auna kusurwa zuwa kusurwa a shagon kafin ka biya. Idan layukan biyu da suka gitta juna ba su yi tsawo ɗaya ba, kusurwoyin faifan ba su tsaya daidai ba, kada ka ɗauka.

Teburi bai san gilashi ko akirilik ba, duka biyun shimfiɗa suke so wadda ba ta da tudu ko kwari. Firam ɗin ƙarfe, katako mai kauri a kai, sannan faifan soso mai tauri na kamar santimita ɗaya a ƙarƙashin gilashin don ya shanye ƙananan tudu. Akirilik ta fi tsanani a nan, gindinta duka sai ya samu madogara, in ba haka ba zai lotsa a hankali. A sa ma'aunin magina mai ɗigon ruwa a kowane ɓangare. Akwatin da ya karkata gaba ɗaya zai iya rayuwa, amma wanda kusurwa ɗaya ta rataye yana murɗewa ne, kuma murɗewa ke kashe haɗi. Idan aka tara ruwa da gilashi da yashi da duwatsu da teburi, ana dab da kilo 900 a kan fili da bai fi murabba'in mita ɗaya da kaɗan ba. A ƙasa, kan daɓen siminti mai kyau, babu damuwa. A saman bene kuwa, daɓen gidajen zama galibi ana lissafa shi ne a kan kilo 150 zuwa 200 a kowane murabba'in mita, don haka a kira injiniya ya nuna inda ginshiƙi ko bango mai ɗaukar kaya yake kafin a ajiye komai.

Ga inda na tsaya. Idan akwatinka miƙaƙƙe ne mai kusurwa huɗu, zurfinsa bai wuce 60 ko 65 ba, kuma kai da ɗan'uwanka ko abokinka za ku haɗa shi a gida, ɗauki gilashin gama-gari mai milimita 12, yi masa ɗamara, nemi silikon na gaskiya. Kuɗinsa ya fi sauƙi, kayansa suna kusa, yana yafe ƙaramin kuskure, kuma idan bayan shekaru haɗin ya gaji ana kwancewa a sake. Idan kuwa zurfin da kake so ya haura 75, ko kana son lanƙwasa, ko wurin makaranta ne ko ɗakin jira na asibiti inda yara ke kai-kawo, akirilik ta fi cancanta, amma a ba wanda ya riga ya haɗa da yawa kuma yake da injin, kada ta zama aikinka na farko. Tsakanin 65 da 75 kowanne zai yi, sai ka duba hannayen da za su taya ka ɗauka da kuma aljihunka.

Kowanne ka haɗa, gwajin farko a tsakar gida ake yinsa, a kan teburinsa na ainihi, a inuwa, nesa da wayar wuta. Shimfiɗa tsofaffin jaridu a ƙarƙashi don ɗigo ɗaya ma ya nuna kansa. Cika kashi ɗaya cikin uku ka bar shi ya kwana, ƙara zuwa biyu cikin uku ya sake kwana, sannan ka cika shi fal. Auna faɗin bakin a tsakiya kafin ruwa da bayan ruwa. Da ɗamara mai kyau bambancin bai kamata ya wuce milimita ɗaya ko biyu ba. Bi kowane haɗi da tocila kana neman wurin da ya yi fari ko silikon ya fara sakin gilashi. A bar shi cike mako guda. In jaridun sun kwana bakwai a bushe, zubar da ruwan gaba ɗaya kafin a motsa shi, a nemo mutum huɗu, a ɗauke shi ta gindi, kada kowa ya kama ɗamara.